Wata 13 ba rarrafe, ba tafiya: in sayi keken koyon tafiya ko in jira?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyayen yara. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni sukuni. 'Yata tana da wata 13. Ta yi zama da wuri, tun tana wata 6 take zama daram ba sai an tare ta da filo ba. Amma har yau ba ta taɓa rarrafe ba. Idan ta hango abin da take so, daga zaune take jan gindi, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ɗaya a miƙe, tana tura ƙasa da hannu, kuma sauri gare ta ba kaɗan ba. Kwanan nan ta fara kama kujera tana miƙewa, amma da na ja ta gaba na saki hannunta sai ta koma ta zauna. Ɗan maƙwabciyata da ta girma da wata guda tuni yake tatata. Kowa cewa yake in saya mata keken koyon tafiya ƙafarta ta yi ƙwari. Don Allah rashin rarrafen nan matsala ce? Keken kuma da gaske yana taimakawa?

Ummu Haidar:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa ki saya kawai. Yarana uku duk a keke suka tashi, babu wanda ya cika shekara bai yi tafiya ba. Ga shi ke ma kin samu sararin yin aikinki, ba kullum yaro a hannu ba.

Hajiya Kaka:
Kwantar da hankalinki 'yata. A cikin 'ya'yana akwai wadda ta tashi tana wata 9, akwai wanda sai da ya shekara ɗaya da rabi. Yau in suka jero miki ba ki isa ki nuna wanda ya riga wani ba. Jan gindin nan kuwa yakan bi jini. Ki tambayi surukarki ko mahaifiyarki, zai yi wuya ba ki ji wani a dangi ya yi haka ba. Masu yin sa sukan jima ba su tashi ba, saboda suna zuwa inda suke so, hannunsu na riƙe da abin wasa, idonsu na ganin ɗaki sarai. Me za su tashi nema?

Anti Nas:
Maman Ilham, aikina ke nan a sashen yara na asibiti, kuma wannan tambaya ba ranar da ba a yi mini ita. Bari in ba ki alƙaluma, sun fi lallashi kwantar da hankali.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar da ta yi wa yara 816 masu lafiya a ƙasashe biyar: Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An riƙa duba su a kai a kai ana rubuta lokacin da kowa ya iya kowane abu. Zama ba tare da an tare yaro ba ya kama daga kusan wata 4 zuwa wata 9. Rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tsayuwa ba dafa komai daga kusan wata 7 zuwa kusan 17. Tafiya kuwa daga wata 8 har zuwa wata 17 da rabi. Ki lura, duk waɗannan yara lafiyarsu ƙalau, amma tsakanin na farkon tafiya da na ƙarshe akwai tazarar fiye da wata 9. Sannan kashi 4.3 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, sun tsallake shi.

Wata 13 tana tsakiyar wannan zango na fara tafiya, ballantana yarinyar da ke kama kujera ta miƙe da kanta.

Abu Sadiq:
Anti Nas, da girmamawa, ban gamsu da batun rarrafe ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Na sha ganin ana cewa yaron da ya tsallake shi yakan sha wahalar rubutu da karatu a makaranta, domin rarrafe ne ke koya wa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu aiki tare. Shi ya sa na hana a riƙa miƙar da ɗana tsaye sai da ya yi rarrafe sosai. Ina ganin ya kamata Maman Ilham ta koya mata shi tukuna kafin a yi maganar tafiya.

Malama Fisiyo:
Malam Abu Sadiq, akwai gaskiya a maganarka, amma an ƙara mata gishiri kafin ta iso gare ka. Rarrafe yana da amfani, ba na musu. Yaro yana ɗora nauyinsa a kan tafin hannu, kafaɗa da wuyan hannu su yi ƙarfi, yana motsa hannun dama tare da ƙafar hagu, yana ɗaga kai ya hango nesa ya dawo ya kalli hannunsa. Duk horo ne mai kyau. Abin da ba a tabbatar ba shi ne cewa wanda bai yi shi ba zai kasa karatu. A 2022 da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta jerin abubuwan da ake sa ran yaro ya iya a kowane matakin girmansa, ta cire rarrafe gaba ɗaya, domin yara sun bambanta sosai a kansa. Wasu abokan aikinmu masu fisiyo, wato jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi, ba su ji daɗin cirewar ba, har yanzu ana jayayya, ni ma ina son in ga yaro ya yi wasa a kan hannu da gwiwa. Amma ba zan tsorata uwa don ɗanta ya zaɓi jan ciki ko jan gindi ba. Abin da nake nema shi ne yaro ya samo wa kansa wata hanya ta isa inda yake so.

Maman Ilham, abu ɗaya ne a bayaninki ya tsaya mini. Kin ce ƙafa ɗaya a lanƙwashe ɗaya a miƙe. Kullum ƙafa ɗaya ce ke lanƙwashewa ko tana sauyawa? Idan ta miƙe jikin kujera, tafin ƙafafun biyu suna taka ƙasa daidai? Hannu biyun duka take ɗaukar abu da su?

Maman Ilham:
Malama na zauna na zuba mata ido da yammar nan. Ta fi lanƙwasa ta dama, amma na ga ta sauya da za ta kewaya tebur. A tsaye ƙafa biyun suna ƙasa, har lilo take yi tana dariya. Hannu kuwa da kowanne take ɗauka. Kuma Hajiya kin faɗi daidai, na kira surukata ta ce babanta ma da gindi ya ja.

Malama Fisiyo:
Madalla, wannan amsar ta yi mini daɗi. Masu jan gindi da yawa sukan kai wata 18 ko su ɗan wuce kafin su saki hannu. Duk da haka idan kin kai ta awo na gaba ki faɗa wa likita, ya duba ƙugunta da ƙarfin tsokarta, ba ya ɗaukar lokaci. Kafin nan ki riƙa ɗora abin wasanta a kan kujera maimakon ƙasa, ki ɗan matsar da shi gefe, ta yadda sai ta dafa ta taka a kaikaice za ta kai gare shi. Wannan tafiyar ta dafe-dafe ita ce ke ƙarfafa tsokar gefen ƙugu, wadda ke riƙe mutum idan ya ɗaga ƙafa ɗaya. Daga baya ki raba kujeru biyu da ɗan taƙi kaɗan, ta riƙa sakin wannan tana kama waccan. Keke kuma kada ki saya.

Ummu Haidar:
To Malama, me keke ya yi? Na ce miki uku na raina da shi, ba wanda ya samu ko ƙwarzane. Wani lokaci ku ma'aikatan lafiya kuna tsananta abu.

Malama Fisiyo:
Ummu Haidar, Allah Ya ƙara tsare miki su. Ba ina cewa duk wanda ya hau keke zai nakasa ba ne. Cewa nake yaranki da kansu suka koyi tafiya, a lokutan da suke ƙasa, keken bai koya musu ba.

Ki tsaya ki kalli yaro a ciki da kyau. Yana rataye ne a kan ɗan wandon da ke tsakiya, shi ke ɗauke da nauyinsa. Yana sunkuyar da ƙirji gaba ya tura ƙasa da kan yatsu, diddige bai sauka ba. Faifan da ke gabansa ya rufe masa ƙafafunsa, ba ya ganin inda yake takawa. Mafi girma kuma, ba ya faɗuwa. Ko ya karkata hagu ko dama keken ya tare shi, don haka jikinsa bai taɓa sanin ya yi kuskure ba balle ya gyara.

Ita kuwa tafiya kusan dukkanta aikin daidaita jiki ne. A can cikin kunne akwai wasu 'yan kafofi masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa duk lokacin da kai ya karkata. Tafin ƙafa da gaɓoɓi suna aika nasu saƙon, ido yana aika nasa. Ƙwaƙwalwa ta haɗa ukun ta umarci tsoka ta ja nan ta saki can, cikin ƙiftawar ido. Wannan ba a koyonsa sai da gwaji da tangaɗi. Wata mai bincike a Jami'ar New York, Karen Adolph, ita da abokan aikinta sun ɗauki bidiyon yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa, suka ƙirga takunsu ɗaya bayan ɗaya. A rahotonsu na 2012 sun samu cewa a matsakaici yaro yana yin taku 2,368 a awa guda, yana faɗuwa sau 17. A awa guda fa. Shi ya sa za ki ga sabon mai tafiya ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannuwa sama, yana taku gajeru, ya yi zaman daɓaro ya tashi ko a jikinsa. Bayan 'yan watanni hannuwan sun sauko, ƙafafun sun matso kusa. Binciken da aka yi a kan keken bai nuna yana gaggauta tafiya ba, wasu ma sun nuna yana ɗan jinkirta ta.

Baban Tagwaye:
In ƙara a kan na Malama. Ni abin da ya hana ni saye hatsarin ne. Tun 2004 ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi da shigo da shi, har wanda aka yi amfani da shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana neman a yi haka a can. Wani bincike da ya fito a 2018 ya nuna daga 1990 zuwa 2014 yara fiye da 230,000 'yan ƙasa da wata 15 aka kai sashen gaggawa a Amurka saboda keken nan, kusan uku cikin huɗu daga matattakalar bene suka gangaro, kuma mafi yawan raunin a kai da wuya ne. Yaro a ciki yana iya cin kusan mita guda a daƙiƙa ɗaya. Yawanci ma babba yana wurin abin ke faruwa, hannu ne ba ya kaiwa.

Ummu Haidar:
Gidana ba bene. Kuma ku faɗa mini gaskiya, mace ita kaɗai da aiki a gabanta, ina za ta ajiye ɗan wata 8? Faɗa da baki yana da sauƙi.

Anti Nas:
Wannan tambayar gaskiya ce Ummu Haidar, ba na raina ta. Ko ba bene, keke yana ƙara wa yaro tsawo da sauri, sai hannunsa ya kai kan tebur, ya jawo ruwan zafi ko wayar dutsen guga, ko ya tuntsura cikin bahon ruwa. Ƙunar da na gani ta wannan hanya ba ta da daɗin faɗa. Abin da ya fi shi ne ki ware masa wani gefe a ƙasa inda idonki ke kaiwa, ki kewaye shi da abin da ba zai ture ba, ki shimfiɗa abu mai ɗan tauri, ki kawar da duk abin da zai iya haɗiyewa, ki zuba masa kofi da murfin roba. A nan zai juya, ya kife, ya ja ciki, ya kama ya miƙe. In kuma dole sai an sa shi a kujerar yara, wadda ba ta da taya, to na ɗan lokaci. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a bar jariri a ɗaure a wuri ɗaya fiye da awa guda a jere.

Ummu Haidar:
Na ji. Ni dai ban ga illarsa a nawa ba, amma batun ruwan zafin ya shige ni, don na tsakiyan ya taɓa jawo mayafin tebur. Zan duba.

Sabuwar Uwa:
Don Allah ku ba ni dama in sako tawa. Ɗana wata 3 gare shi. A asibiti an ce in riƙa kwantar da shi rub da ciki idan yana farke, amma da na kife shi sai ya dasa fuska a shimfiɗa ya yi ta tsala ihu. Tausayi yake ba ni in ɗauke shi. Dole ne?

Hajiya Kaka:
Mu a zamaninmu rub da ciki muke kwantar da su su yi barci, wuyansu kuwa da wuri yake tsayawa. Yanzu an ce a daina. Ban san wanne za a kama ba.

Anti Nas:
Hajiya, ba ku kaɗai ba, a wancan lokacin likitoci ma a ƙasashe da yawa haka suke cewa a yi. Daga baya aka gano kwanciyar rub da ciki a barci tana da alaƙa mai ƙarfi da mutuwar fuju'a ta jarirai, a kwantar da yaro lafiya a wayi gari babu rai. A 1992 likitocin yara na Amurka suka ce a daina kife jarirai su yi barci, a 1994 aka fara gangamin wayar da kai, kuma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a can. Don haka barci a rigingine, wannan ba sassauci, dare ko rana, har yaro ya shekara. Idan ya kai yana juyawa da kansa ta kowane ɓangare, ki kwantar da shi a bayansa, in ya juya ki ƙyale shi.

Amma kin yi gaskiya a kan wuya. Yaron da kullum yake rigingine ba ya samun dalilin ɗaga kansa, ƙeyarsa ma takan baje. Shi ya sa ake rama masa da rana, yana farke, ana kallonsa. Abin da ake so shi ne ya tara aƙalla minti 30 a yini, a rarrabe ba a zama ɗaya ba.

Malama Fisiyo:
Sabuwar Uwa, kukan ba na ciwo ba ne, na wahala ne. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, ki ƙiyasta nauyin da ɗan siririn wuyan nan yake ƙoƙarin ɗagawa. Ki sauƙaƙa masa. Ki kishingiɗa ki ɗora shi a ƙirjinki, fuskarki ita ce abin da ya fi son gani, zai ɗago don ya kalle ki. Ko ki kife shi a kan cinyarki. A ƙasa kuma ki naɗe ɗan tawul ki sa a ƙarƙashin hammatarsa, ki turo gwiwar hannunsa gaba su zo daidai kafaɗa, ke ma ki kwanta ku fuskanci juna. Minti ɗaya ko biyu ya isa da farko, da ya fara ƙorafi ki juya shi, anjima ki sake. Kada ki yi daga gama shan nono.

Dalilin da muke nacewa shi ne ƙarfin jikin yaro daga sama yake gangarowa. Wuya tukuna, sai kafaɗa da hannu, sai baya da ciki ya samu zama, sannan ƙugu da ƙafa. Haka kuma daga tsakiyar jiki yake fita zuwa yatsu. Ɗan wata 4 da dukan hannu yake kai wa abu cafka, ya kuskure ya sake. Wajen wata 6 zuwa 7 yana karɓa da wannan hannu ya miƙa wa wancan. Sai can wajen wata 9 zuwa 12 za ki ga ya tsinci ɗan zare a ƙasa da babban yatsa da manuniya, yana juya shi yana kallo. Wanda kafaɗarsa ba ta yi ƙarfi ba, yatsunsa ba sa samun madogara.

Baban Tagwaye:
Malama, tunda an zo nan, wani abu ya daɗe yana ba ni mamaki. Satin farko idan na riƙe ɗaya daga cikin tagwayen a tsaye ƙafarsa ta taɓa shimfiɗa, sai ya riƙa ɗaga ƙafa yana taku kamar mai tafiya. Bayan wata biyu abin ya ɓace. Mantawa suka yi?

Malama Fisiyo:
Ba mantawa ba ne. Da shi ake haifar kowane jariri, kamar yadda yake damƙe yatsanka idan ka sa masa a tafi, ko ya watsa hannuwa idan ya firgita. An daɗe ana zaton ƙwaƙwalwa ce ke kashe wannan takun idan ta girma. Sai wata masaniya Ba'amurkiya, Esther Thelen, ta lura cewa a watannin farko ƙafar jariri tana tara kitse fiye da yadda tsokarta ke ƙaruwa, ƙafar ta yi masa nauyi. A shekarun 1980 ta gwada: ta tsoma jarirai cikin ruwa zuwa ƙirji, nauyin ya ragu, takun ya dawo. Ta ɗaura wa wasu ɗan abu mai nauyi a ƙafa, takun ya ragu. Ni wannan binciken ya gyara mini yadda nake kallon aikina. Motsin yaro ba umarnin ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne, akwai nauyin jikinsa, da ƙarfin tsokarsa, da irin ƙasan da yake kai, da abin da yake marmarin ya kai gare shi. Yaro mai jiki sosai yakan ɗan makara da tashi saboda wannan dalili.

Baban Tagwaye:
Na gode Malama. Ga iyayen bakwaini kuma, kada ku manta da gyara lissafi. Nawa a mako na 32 aka haife su, wato saura mako 8. Likita ya ce in riƙa cire wata biyu, idan suna wata 10 in auna su da 'yan wata 8, har su kai shekara 2. Ba don haka ba da kullum a firgice za mu kasance.

Maman Amir:
Na karanta duka, kuma na ji daɗi an kwantar wa Maman Ilham da hankali. Amma ina roƙonku kada wata uwa ta tashi daga nan da cewa kowane jinkiri a jira shi. Ɗana tun yana wata 5 na lura hannunsa na dama kullum a dunƙule yake, babban yatsa a ciki. Komai da hagu yake ɗauka. Idan zan sa masa riga sai na yi da gaske hannun nan yake miƙewa. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce bahago ne, ko ya ce kowane yaro da lokacinsa. Har wani ma'aikacin lafiya ya ce in daina sa wa kaina damuwa. Sai da ya wuce shekara aka tabbatar yana da larurar ƙwaƙwalwa mai shafar motsin jiki, wadda likitoci ke kira sarebral falsi, a ɓari ɗaya. Alhamdulillahi yanzu yana tafiya, yana riƙe kofi da hannun, muna zuwa fisiyo. Amma masu duba shi sun ce da an fara tun lokacin da na gani da ya fi, don ƙwaƙwalwar jariri ta fi saurin buɗe sababbin hanyoyi a farkon rayuwa. In zuciyarki ta ce wani abu ba daidai ba, ki nace sai an duba.

Hajiya Kaka:
Allah sarki 'yata. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya saka miki da alheri da kika faɗa. Ni maganata a kan yaro ce wanda komai nasa ke tafiya daidai sai dai a hankali.

Anti Nas:
Amin Hajiya. Maman Amir, kin faɗi abin da ya fi komai muhimmanci. Akwai yaron da yake gaba a hankali, kowane wata da sabon abin da ya iya, jikinsa ɓari biyu suna aiki daidai. Wannan a ba shi fili da lokaci. Akwai kuma alamun da ba a jira da su. Jariri ba ya zama bahago ko badame kafin ya shekara, in kin ga ya fifita hannu ɗaya tun kafin nan, ɗayan ne ke da rauni har sai an tabbatar ba haka ba. Haka hannu a dunƙule kullum bayan wata 4, ko wuyan da bai tsaya ba a wata 4. Jiki a sandare, ƙafafu suna harɗewa idan an ɗaga shi, ko kuma jiki a sake yana zamewa daga hannu. Rashin zama da kai a wata 9. Ƙin ɗora nauyi a ƙafa idan an tsayar da shi yana shekara guda. Rashin tafiya a wata 18, ko da mai jan gindi ne a kai shi a duba, namiji kuma akan yi masa gwajin jini don a tabbatar ba ciwon tsoka ba ne. Wanda ya fi gaggawa shi ne yaro ya iya abu sannan ya daina, yana zama ya koma ba ya iyawa. Wannan a ranar za a tafi asibiti. Yaron da aka sha wahalar haihuwarsa bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi ciwon shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko bakwaini, a fi sa masa ido tun farko.

Abu Sadiq:
Allah Ya ba Amir lafiya. Ni har yanzu ina ganin rarrafe ya fi rashinsa, amma na yarda ba abin tayar da hankali ba ne. Tambayata ta ƙarshe Malama: nawa ya fara tafiya, wata 14, amma ƙafafunsa sun ɗan buɗe kamar baka, tafin kuma a shafe ba lanƙwasa. An ce in saya masa takalmi mai tauri mai kama idon sawu ya gyara masa ƙafa.

Malama Fisiyo:
Takalmi ba ya gyara wannan Malam, kuma mai taurin hana shi jin ƙasa zai yi. A cikin ɗaki ka bar shi ba takalmi, yatsunsa su riƙa kama ƙasa. Safa kaɗai ma a kan daɓe mai santsi ba ta da kyau. In za a fita, ka nemi mara nauyi wanda za ka iya lanƙwasa shi da hannu ɗaya, gabansa da faɗi, ƙasansa ba ya zamewa. Shafaffen tafi kuwa haka na kowane ƙaramin yaro yake, kitse ne ya cike wurin, lanƙwasar takan bayyana a hankali zuwa wajen shekara 6. Buɗewar ƙafa ma an saba ganinta a wannan shekarun, takan miƙe wajen shekara 2, daga nan gwiwoyi su ɗan matso juna wajen shekara 3 zuwa 4, sannan su daidaita. Ka kai shi a duba idan buɗewar a ƙafa ɗaya ce kawai, ko tana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ta wuce shekara 2 ba sauyi, ko yana ɗingishi, ko ka ga wuyan hannunsa ya yi kauri, don rashin bitamin D yana lanƙwasa ƙashi kuma yana da magani. Ka tsayar da shi ya haɗa idon sawu, ka ɗauki hoton ƙafafun daga gaba, bayan wata uku ka sake ɗauka a tsayuwa iri ɗaya, ka tafi wa likita da su biyun.